Kafin Ka Kai Jitarka Kasuwa

Ƙanena mai koyon jitar lantarki, da ke ma ƙanwata, tunda Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad a Nijar ta riga ta nuna wa duniya abin da hannun mace ke iya yi da ita: akwai wani ƙorafi da kusan kowane sabon hannu ke yi da zarar ya soma iya haɗa waƙa biyu zuwa uku. Yakan ce jitarsa ba ta da murya. Ya saurari na Agadas ko na ƙasashen waje a waya, ya ji amo cike, mai kauri da taushi, yana ratsa jiki. Ya jona tasa a ɗaki, sai ga wata siririyar ƙara tana tsaga kunne kamar ana kankare ƙanzo da cokali. Nan take ya yanke hukunci: jitar 'yar arha ce, amfilifayar ta banza ce, sai dai a tara kuɗi a sayo wasu.

Ka dakata tukuna. Kaya masu tsada suna da ranarsu, kuma ranar za ta zo in da rai. Amma wanda bai san daga inda kaifin nan yake fitowa ba, ko ka miƙa masa jitar da ta fi kowace tsada, da ƙararsa zai koma gida. Galibin taushin da kake nema yana nan a hannun da kake kaɗawa da shi, da mamurɗan jikin jita waɗanda tun ranar da ka saye ta suke a ƙure, da kuma inda ka ajiye sifika a ɗaki. Babu ɗaya daga cikinsu da zai ci maka sisi.

Ka fara sanin abin da kunnenka yake ji. Idan ka kaɗa tsirkiya mafi kauri ba tare da ka danne ta ba, tana girgiza kusan sau 82 a daƙiƙa. Wannan ita ce uwar muryar. Amma ba ita kaɗai take fita ba. Tare da ita akwai ƙananan muryoyi da ke girgiza ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu, haka har sama can. Su ne ke sa a bambanta jita da sarewa ko da suna kan murya ɗaya. Kunnen ɗan Adam kuwa ya fi kama abin da ke tsakanin girgiza 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa, saboda haka da ƙananan muryoyin wannan yanki sun ɗan yi yawa, sai sauti ya zama tsini. Abin da muke kira taushi shi ne uwar murya da na kusa da ita su yi ƙarfi, na sama su sauko su ba su wuri. Su sauko na ce, ban ce su mutu ba. Da yawa sukan rufe kaifi ruf, su ɓuge da shaƙaƙƙiyar murya wadda ba a rarrabe tsirkiya da tsirkiya a cikinta, sun gudu daga wata matsala sun faɗa wata.

Mu soma da hannu, don nan ne maganar ta fi yawa.

Wes Montgomery mutumin Indiyanafolis ne a Amurka, ya rasu a 1968, kuma har yau idan masu kiɗan jaz suna neman misalin murya mai taushi a jitar lantarki, sunansa suke fara kira. Mutum ne mai iyali da yawa, ya yi aikin walda da rana, sai dare yake samun sukunin taɓa jita. Don kada ya hana mutanen gida da maƙwabta barci, sai ya ajiye 'yar robar da ake kaɗawa da ita, ya koma shafar tsirkiya da tsokar babban yatsa. Wato halin da kake ciki yanzu, na mai koyo a ɗaki da mutane kewaye da shi, shi ya haifar da muryar da masu kuɗi ke ta sayen kaya suna nema. Tsoka tana sakin tsirkiya a hankali. Roba mai tauri tana fizgarta ta sake ta farat ɗaya, kuma wannan fizgar ce ke tayar da ƙananan muryoyin sama.

Gwada da kanka yanzu, ba sai gobe ba. Ɗauki jitar, ka bar tsirkiya ta uku a sake, ka kaɗa ta dab da jaki, wato ƙarfen nan da tsirkiyoyi suka hau a gindin jita. Ka ji yadda ta fito siririya, da hanci-hanci. Sai ka matsar da hannunka faɗin yatsu huɗu wajen wuya, ka sake kaɗawa da ƙarfi iri ɗaya. Matsa kuma, har hannunka ya zo daidai inda wuya ya haɗu da jiki. Tsirkiya ɗaya ce, ba ka murɗa komai ba, amma muryar ta yi ƙiba a gaban idonka. Dalilin shi ne, tsirkiyar da aka taɓa kusa da tsakiyarta takan yi lilo gaba ɗayanta, sai uwar murya ta rinjaya. Wadda aka taɓa a bakin ƙarshe kuwa takan karkasu gida-gida, ƙananan muryoyi su yi yawa. Yawancin masu koyo suna kafa gefen tafin hannu a kan jaki don su ji sun samu madogara, shi ke nan sun ɗaure kansu a wurin da ya fi ko'ina kaifi, shekara da shekaru ba su sani ba.

Ka dubi makaɗan Agadas da kewaye idan ka samu hoton bidiyonsu. Bombino da Mdou Moctar da yatsu suke aiki, babban yatsa na kula da tsirkiyoyi masu kauri, manuni na yawo a kan sirara. Shi Mdou Moctar jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, kuma faifansa na farko a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. Wanda ya horar da hannunsa a kan wayar birki, ba zai zauna yana jiran kaya su ba shi murya ba.

Idan ka fi sabawa da roba, babu laifi, amma ka dube ta da kyau. Siririyar nan mai lanƙwasa, wadda kaurinta bai wuce rabin milimita ba, tana yin wani ƙas-ƙas a kan tsirkiya wanda fikof, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, ke ɗauka tas. Nemi mai kaurin milimita ɗaya ko fiye, mai baki a dakushe. In babu, juya wadda ke hannunka ka yi kiɗa da kafaɗarta mai zagaye maimakon tsinin. Ka ɗan karkata ta yadda za ta zame a kan tsirkiya da gefe. Sannan ka rage duka. Wannan ya fi komai wuya ga matashi, don jini na tafasa, waƙa na daɗi, hannu sai ya yi ta sara. Duka mai ƙarfi kaifi yake ƙarawa fiye da ƙara. Ka ɗan ƙara wa amfilifaya murya, kai kuma ka sassauta hannu, ka bar ta ta yi aikin da aka saye ta dominsa.

Sai jikin jitar. Waɗannan 'yan sandunan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, da makaɗa ke kira fikof, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Kowanne yana jin tsirkiya ne daga inda yake zaune, saboda haka dokar da ka gwada da hannunka ita ce a nan ma: na kusa da jaki mai kaifi ne, na kusa da wuya mai kauri. Tura ɗan sandan zaɓi zuwa na wuya. Akwai masu jitar da suka shekara ba su taɓa motsa wannan sanda ba, don a wurin da mai shago ya bar shi suka same shi.

Mamurɗin ton kuma aikinsa ɗaya ne: yana zubar da muryoyin sama kafin su fita daga jita. A kan 10 bai zubar da komai ba sosai, a kan sifili ya kwashe kusan duka. Sauke shi a hankali kana kaɗa tsirkiya ɗaya, ka tsaya daidai inda tsinin ya ɓace amma bakin muryar yana nan. A yawancin jita wurin yana tsakanin 5 da 7, sai dai kunnenka ne alƙali. Za ka ji ana ba da labarin Eric Clapton, wanda a zamanin ƙungiyar Cream, wajen 1967, yakan rufe ton ɗin jitarsa ta Gibson gaba ɗaya ya fitar da wata murya mai kauri da ta yi suna. Gaskiya ne, amma a bayansa akwai manyan amfilifayoyin Marshall a ƙure, suna mayar da kaifin da ya zubar. Kai da ke ɗaki da 'yar ƙaramar sifika, idan ka kwaikwaye shi, laka za ka samu.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa masu koyo ba. Jitar Fender Stratocaster, wadda ta fito a 1954, kuma wadda yawancin jitocin da ke shigowa kasuwanninmu kwaikwayonta ne, a asalin haɗinta fikof na kusa da jaki ba shi da mamurɗin ton ko kaɗan. Na wuya yana da nasa, na tsakiya yana da nasa, wanda ya fi kowa buƙata kuwa an bar shi haka. Shi ya sa za ka yi ta murɗawa ba ka ji canji ba. Maganin guntuwar waya ce da ba ta kai tsawon yatsa ba, da ɗigon dalma biyu a jikin sandan zaɓi. Samu hoton haɗin a intanet, ka je wurin mai gyaran rediyo da ka yarda da hannunsa, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, so nake a haɗa mini wannan ƙafa da wannan, sauran a bar su yadda suke." Kada ka ce masa ya duba ya ga abin da ya dace, shi rediyo ya sani, hoton ne zai yi muku jagora ku biyu.

Mamurɗin ƙara na jikin jita ma yana taɓa ton. A yawancin jita, da ka sauke shi daga 10 zuwa 7 ko 8, ba ƙara kaɗai ke raguwa ba, kaifi ma na ɗan sauka. Wasu suna ganin wannan aibi ne har su sa a gyara. Kai da ke neman taushi, kyauta ce aka ba ka. Haka wayar da ke haɗa jita da amfilifaya: gwargwadon tsawonta, gwargwadon yadda take shanye muryoyin sama. Jimi Hendrix da wayoyin nan masu murɗe-murɗe irin na tsohon tarho yake kiɗa, kuma suna cikin abin da ya rage wa Stratocaster ɗinsa tsini. Idan kana da mai mita 3 da mai mita 6, saurari kowace.

Sannan tsayin fikof. Danne tsirkiya a ƙarfen wuya na ƙarshe, ka leƙa tazarar da ke tsakaninta da kan maganaɗisu. Kimanin milimita 2 zuwa 3 ake fara gwadawa. Idan ya matso fiye da haka, sauti kan yi ƙarfi da zafi, wani lokaci ma maganaɗisun ya riƙa jan tsirkiya masu kauri har muryarsu ta riƙa rawa kamar ba a ɗaure su daidai ba. Akwai sukurori biyu, ɗaya a kowane gefe. Sa sukundireba ka juya na gefen sirara rabin zagaye don fikof ya ɗan nutse, ka kaɗa, ka saurara, ka ƙara rabi in da buƙata. Ka riƙa ƙirga zagayen don ka iya komawa inda ka taso.

Za a ce maka ka sauya fikof gaba ɗaya ka sa mai naɗi biyu. Akwai gaskiya a ciki. Seth Lover ne ya ƙera wa kamfanin Gibson irinsa, ya fara fitowa a jitocinsu na Les Paul a 1957, kuma manufarsa ita ce kashe gurnanin lantarki da mai naɗi ɗaya ke kwasowa. Naɗi biyu da ke adawa da juna suna soke gurnanin, a hanya kuma suna rage muryoyin sama, sai sauti ya yi kauri. Amma wannan kuɗi ne, wani lokaci har da fafe jikin jita. Ni dai a ganina, sai ka gama da duk abin da ke sama ka ga bai ishe ka ba.

Tsirkiyoyi ba sa buƙatar dogon bayani. Masu naɗin zallar nikel sun fi masu ƙarfen da ba ya tsatsa taushi. Masu santsin baya, waɗanda ba a jin gurzar yatsa a kansu, su ne na mutanen jaz, kuma irinsu Wes Montgomery ya yi amfani da su. A wajen kauri, lamba 10 ko 11 ta ɗan fi lamba 9 cika, amma kada ka wahalar da yatsunka don an ce Stevie Ray Vaughan lamba 13 yake sawa, B.B. King da sirara ya yi kiɗa, kuma babu wanda ya taɓa cewa muryarsa ba ta cika ba. Sabuwar tsirkiya takan yi ƙyalli na 'yan kwanaki sannan ta kwanta, saboda haka kada ka yanke mata hukunci a daren farko. Wadda ta yi tsatsa kuwa, mutuwa ta yi, ba taushi ba. Zufar bazara na cinye tsirkiya da sauri, ka riƙa goge su da tsumma bayan kowane kiɗa. Lokacin hunturu katako kan bushe, wuya ya ɗan motsa, tsirkiya ta soma taɓa ƙarafan wuya tana zizar da ke sirantar da murya. Ɗan ɗaga jaki kaɗan yakan kawar da ita.

Yanzu mu zo ga amfilifaya, inda zaman gida ke yi wa mai koyo wayo.

A 1933 wasu masu bincike biyu a ɗakin gwajin kamfanin tarho na Bell a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka auna yadda kunne ke jin sauti a matakan ƙara daban-daban. Abin da suka tabbatar shi ne, idan ƙara ta yi ƙasa, kunne yakan fara rasa muryoyi masu kauri tun kafin ya rasa na yankin da ya fi kamawa. To kai kuma kullum a ƙasa kake kiɗa, don da ka ɗan ɗaga za ka ji daga tsakar gida, "Kai, wane, rage mana wannan abu, babanku na hutawa." Ka rage, kaurin ya gudu, tsinin ya zauna. Jitar ba ta canja ba, kunne ne haka Allah ya yi shi. Ƙari a kan haka, amfilifayoyi da yawa an sa musu wani ɗan kafasita a mamurɗin ƙara wanda ke barin muryoyin sama su wuce ko da an rage sauran, kuma tasirinsa ya fi yawa daidai lokacin da mamurɗin yake ƙasa. Idan taka tana da maɓallin ƙara haske, kashe shi. Idan tana da mamurɗin ƙara biyu, ɗaga na farko zuwa tsakiya, ka riƙe ƙarar ɗaki da na ƙarshe.

Mamurɗai uku na ton, wato bes da midil da tirebul, nan ma akwai tarko. Kowa yakan ɗauka idan an ajiye su duka a 5 an samu daidaito. A tsarin da Fender ya yaɗa, wanda amfilifayoyi da yawa suka kwafa, ajiye su a tsakiya yana nufin an riga an rarake muryoyin tsakiya. Su kuwa muryoyin tsakiya, musamman na ƙasa-ƙasa, nan naman jita yake. Matashi ya ji sauti ya yi siriri sai ya ƙure bes, ya samu gurnani a ƙasa da tsini a sama, tsakiya fayau. Gwada akasin haka: midil a 7, tirebul a 3 ko 4, bes a 4 ko 5, sannan ka gyara da kunne, mamurɗi ɗaya a lokaci ɗaya. Idan ka murɗa biyu tare ba za ka san wanda ya yi aikin ba.

Mamurɗin da ke sa sauti ya dagargaje, wanda samari suka fi ƙauna, shi ma ka ja masa linzami. Aikinsa shi ne ƙirƙiro sababbin ƙananan muryoyi a sama, kuma a ƙaramar sifika cikin ɗaki suna fitowa ne da wani zizi mara daɗi. Tsaya inda idan ka taɓa a hankali sauti zai fito garau, idan ka ɗan matsa ya yi gurnani kaɗan. Ɗan amsa-kuwwa kaɗan yana taimakawa; da yawa kuwa yana wanke muryar.

Za ka haɗu da masu cewa taushi na gaskiya sai a amfilifaya mai kwalabe, irin na tsofaffin rediyo. Kwalabe suna da daɗinsu, musamman idan an tura su har suka soma ƙoshi. Amma a nan gizo ke saƙar: kafin su ƙoshi sai an ɗaga ƙara. Kuma kada lambar wat ta ruɗe ka, don sai an ninka ƙarfi sau goma kunne ke jin ƙara ta ninka sau biyu. Mai wat 5 rabin ƙarar mai wat 50 take yi, wato ta isa ta haɗa ka da maƙwabta. B.B. King ya shekara da shekaru yana kiɗa da Lab Series, amfilifaya mai tiransista. Joe Pass na jaz da Polytone, ita ma haka. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ɗakin kansa yana cikin kayan kiɗan. Ɗakunanmu na yanzu siminti ne da tayil da gilashi, wasu ma kwano ne a sama ba silin, kuma duk waɗannan suna mayar da muryoyin sama su dawo maka sau biyu. Shimfiɗa darduma ko kafet gaban sifika, saki labule, ka zauna a gefen da katifa take. Sifika tana harba kaifinta ne kai tsaye daga tsakiyarta, kaurin kuwa yana bazuwa ko'ina. Saboda haka idan ta saita kunnenka ka fi jin tsini, idan ka ɗan kauce gefe sai ya ragu. Sauke ta daga kan tebur zuwa ƙasa, ka matsar da ita kusa da bango, za ka ji kauri ya ƙaru. A lungu ya fi ƙaruwa, har yakan wuce kima. Ka ɗauki rabin sa'a kana jan ta daga nan zuwa can kana kaɗa abu ɗaya. Da wuya ka taɓa yin gyaran da ya kai wannan arha.

Wanda ba shi da amfilifaya, yana jona jita a waya ko kwamfuta ko akwatin kiɗan falo, ya san wannan: sifikar jita da gangan aka yi ta ba ta fitar da abin da ya haura girgiza 5,000 sosai, ita ce matatar ƙarshe. Abin sawa a kunne da sifikar falo kuwa komai suke fitarwa, har da zizin da ya kamata a tace. A manhajar da kake amfani da ita, nemi sashen da ke kwaikwayon akwatin sifika ka tabbatar a kunne yake. In babu shi, rage duk abin da ya haura 5,000 da hannunka.

Akwai maganar da ba ta ton ba ce amma ba zan tsallake ta ba. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya ta waya, kai kuma kana riƙe da su, wataƙila ƙafarka ba takalmi a kan siminti. Gidaje da yawa wayar ƙasa ba ta aiki a soket ɗinsu, wasu kuma sukan karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga. Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, a gidansa wuta ta kashe shi a 1976 yana kaɗa jitar da ba a haɗa wayar ƙasarta daidai ba. Idan ka ji tsirkiya na ɗan cizon yatsa, cire fulogi ka kira mai aikin wuta. Kada ka buɗe bayan amfilifaya mai kwalabe ko da a kashe take, don tana riƙe ɗaruruwan bolt bayan an cire ta. Idan ta gwanjo ce daga Amurka, duba bayanta: wutarsu 120 ce, tamu 220 zuwa 230, sai da na'urar rage wuta. Gurnanin da kake ji kuwa, musamman a kan janareto, yakan ragu idan ka nisanci cajar waya da talabijin, ko ka juya jikinka a hankali har ka samu fuskar da ya yi shiru. Ƙaramar amfilifaya mai batir ta raba ka da yawancin wannan.

Wata rana za a gayyace ka kiɗa a waje, wurin biki ko taron makaranta, da mai ganga da mai jitar bes. A ranar, muryar nan mai taushi da ka gina a ɗaki za ta nutse, ka ga hannunka na motsi ba ka jin kanka. Fili ba shi da bangon da zai dawo da sauti, ganga ta cinye tsakiya, bes ya cinye ƙasa. Shi ya sa idan ka saurari kiɗan bikin Agadas za ka ji jitarsu da haƙora. A wurin, kaifin ne ke kai murya ga na bayan taro. Saboda haka manna 'yar takarda a saman amfilifayarka, ka rubuta lambobin ɗaki a layi ɗaya, ka bar layi na biyu. Ranar fita, buɗe ton ɗin jita, koma fikof na tsakiya, ƙara tirebul mataki biyu, rage bes, ka sa abokinka ya tsaya can bayan kujeru ya yi maka alama da hannu har sai ya ji ka sosai, sannan ka cike layi na biyun.